Ni ma'aikacin kotu ne a Ƙaura Namoda: in yi mastas kan shari'ar laifuka, ko in koma karatun lauya?

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikacin kotun shari'ar Musulunci ne a Ƙaura Namoda, ina ɓangaren rajista. Na yi digirin farko kan ilimin zamantakewa, na fita da 2.2, na yi bautar ƙasa. Yanzu shekaruna 35, ina da iyali. Ina son in ƙaro karatu kan tsarin shari'ar laifuka, amma abokan aiki sun raba mini hankali. Wasu sun ce takardar ba ta ƙara wa mutum komai, gara in koma in yi karatun lauya. Wasu sun ce in yi na Zariya da ake yi daga gida. Wace shawara za ka ba ni? Kuma me ake koyo a ciki da zai amfane mu a halin da muke ciki na 'yan bindiga?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa iyali albarka, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. In na fahimce ka, kana son sanin ko mutum mai albashi ɗaya da iyali a wuyansa, wanda ba zai iya ajiye aiki ba, zai ga ribar kuɗi da shekarun da zai zuba a wannan karatu, da kuma ƙofar da ta kamata ya bi. Ni malamin jami'a ne, wannan fanni nake koyarwa, ina kuma duba kundayen binciken ɗalibai, saboda haka daga wannan kujera zan yi magana. Lauya ko alƙali yana iya kallon abin ta wata fuska, kuma ba laifi ka ji ta bakinsu.

Bari mu fara sallamar maganar lauya, don ita ce mai sauƙi. Mastas kan shari'ar laifuka ba ya mayar da mutum lauya, ko da ya ɗora digirin digirgir a kai. Wanda zai sa baƙar riga ya tsaya gaban kotu sai ya yi digirin shari'a, wato LL.B, shekara biyar in ya faro daga aji ɗaya, huɗu in an ɗauke shi kai tsaye zuwa aji biyu, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi. Karatu ne na zaman aji kullum, ba na ƙarshen mako ba. In burinka aikin lauya ne ko kujerar alƙalanci, abokan aikinka sun yi gaskiya, takardar shari'a ake nema, kada ka kai kuɗinka wani wuri. Sai dai ka yi lissafi: za ka kai arba'in kafin ka gama, ko ka haura in yajin aiki ya gitta, kuma dole a samu mai riƙe gida a tsakani. In kuwa abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya shi ne me ya sa shari'ar satar akuya take shafe wata takwas, me ya sa wanda aka sallama jiya ake sake kawo shi, me ya sa mutanen ƙauye suka fi kai ƙara wurin 'yan sa-kai da ofishin 'yan sanda, to namu fannin ne ke bin irin waɗannan tambayoyi.

Abin da ake koyo a ciki

Lauya yana tambayar abin da doka ta ce. Mu muna tambayar abin da ke faruwa bayan ta faɗa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Aikinmu shi ne mu ƙirga mutum nawa ne aka kai a kan lokaci, su wane ne ba a kai ba, kuma me ya hana. Saboda haka darussan sun kasu kan 'yan sanda, kotuna da gidajen gyaran hali, sai nazarin dalilan aikata laifi, sai halin wanda aka zalunta, sai dabarun bincike da ƙididdiga. Fannin ba baƙo ba ne a Arewa. Marigayi Farfesa Femi Odekunle, wanda ya rasu a Disambar 2020, shi ne farfesa na farko a nazarin laifuka a Najeriya, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi koyarwarsa. Farfesa Etannibi Alemika na Jami'ar Jos ya daɗe yana rubutu kan aikin 'yan sandan ƙasar nan, za ka yi ta cin karo da sunansa.

Za a jero maka ra'ayoyin masana da yawa. Robert Merton a 1938 ya ce laifi yana yawaita inda aka kwaɗaitar da kowa arziki amma aka toshe wa wasu halastacciyar hanya. Edwin Sutherland ya ce koyonsa ake yi wurin abokan zama, kamar kowace sana'a. Waɗannan za ka haddace don jarrabawa. Guda biyu ne nake so ka riƙe da kyau. Na farko na Cesare Beccaria ne, mutumin Italiya, wanda tun 1764 ya ce abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi da wuri, fiye da tsananin hukuncin. Binciken zamani ya yi ta tabbatar da wannan. Dubi jiharku. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar laifuka ta fara aiki a Janairun 2000, a Maris na shekarar aka yanke hannun Buba Jangebe kan satar saniya. Hukuncin fashi a waccan doka babu wasa a cikinsa. Amma daga wajajen 2011 satar shanu ta zama ta garke-garke, har ta rikiɗe ta koma garkuwa da mutane. Matsalar ba daga nassi take ba. Wanda ke Dajin Sububu ko Kuyambana ya san da wuya a kawo shi gaban kowane alƙali, na shari'ar Musulunci ne ko na Babbar Kotu, don haka abin da aka rubuta a doka bai dame shi ba.

Na biyu na Lawrence Cohen da Marcus Felson ne, na 1979: laifi yana faruwa ne in mai niyya ya haɗu da abin da ya dace da bukatarsa a wurin da babu mai tsaro. Amfaninsa shi ne ya ɗauke ka daga surutun talauci da jahilci ya kai ka ga wuri da lokaci. Wani bincike da aka buga a 1989 a birnin Minneapolis na Amurka ya gano kusan rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na adiresoshin garin yake fitowa. Kowane direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba: ya san kwanar da ake taka mota, ya san ranar kasuwar da ba a yin yamma. Karatun yana koya maka yadda za ka mayar da wannan sani taswira da alƙaluman da hukuma ba za ta iya musawa ba.

Akwai giɓin da dole ka cike da kanka. Yawancin littattafan a Amurka da Ingila aka rubuta su, inda ake ɗauka wanda aka yi wa laifi zai kira 'yan sanda. Mu nan dokoki ne a jibge kan juna. Ga dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960, wadda aka ɗauko daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Ga dokar laifuka ta shari'ar Musulunci, wadda Kebbi ita ma ta ɗauka a ƙarshen 2000. Ga Hisba, ga sulhun da ake yi a zauren hakimi, ga 'yan sa-kai, ga Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024. Da wuya malamin sashen zamantakewa ya buɗe maka littattafan fiƙihu irin su Tuhfa ko Mukhtasar, balle Liya'ul Hukkam na Malam Abdullahin Gwandu, alhali da irinsu alƙalanku suke aiki. Kai da ka san ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha, ka kuma ga yadda ake amfani da ita a zaman kotu, ka riga abokan karatunka da yawa nisa.

Mastas iri biyu ne

A nan mutane suka fi yin asara. Akwai na ilimi, wato M.Sc, wanda ake yin darussa sannan a rubuta cikakken kundin bincike a kare shi gaban malami daga wata jami'a. Akwai na ma'aikata, wanda darussa suka fi yawa, binciken ɗan taƙaitacce ne. Na Zariya da aka faɗa maka, MLCJ, wato mastas kan tabbatar da bin doka da shari'ar laifuka, na ma'aikata ne, kuma Cibiyar Karatu Daga Nesa ta jami'ar tana bayar da shi. Karatu ne mai kyau ga ɗan sanda ko jami'in gidan gyaran hali da ke son faɗaɗa tunani yana kan aikinsa. Amma jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai irin wannan takarda kai tsaye zuwa digirin digirgir, sai ya bi ta M.Phil, wato digirin bincike da ke share fagen digirin digirgir, ko ya sake yin M.Sc, kuma ba da ita aka saba ɗaukar malamin jami'a ba. Na sha ganin wanda ya gama, ya zo da takardarsa yana murna zai ci gaba, aka ce masa ya koma baya.

Sassan ilimin zamantakewa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna yin M.Sc, kuma mutum yana iya karkata bincikensa kan laifuka. Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, tana da M.Sc kan nazarin laifuka da tsaro, ana yinsa ba tare da barin aiki ba. Sakamakonka na 2.2 shi ne mafi ƙarancin abin da aka saba karɓa, don haka ba sai ka bi ta babbar difloma ba. Wannan hanyar mai HND ce ko wanda ya fita da daraja ta uku. Sharuɗɗa da kuɗin makaranta suna canjawa kowace shekara, ka karanta tallar makarantar da idonka, kada ka dogara da abin da aka tura a WhatsApp.

Kuma ka zaɓi malami kafin ka zaɓi makaranta. Abin da ke mayar da karatun shekara biyu ya zama na biyar yawanci mai duba kundi ne da ba ya karanta babi sai ya kwana wata uku a teburinsa. Ka nemi tsofaffin ɗaliban sashen ka tambaye su wa ke karantawa, wa ke dawo da aiki da jan biro a kowane shafi. Wannan mai jan biron shi za ka nema, ko da an ce yana da zafi.

Littafin rajistar da ke gabanka

Abin da ya sa tambayarka ta ja hankalina shi ne wurin aikinka. Babbar matsalar wannan fanni a ƙasarmu ƙarancin sahihan alƙaluma ce, kai kuma a kansu kake zaune, kamar mai gida a bakin rijiya yana sayen ruwan garwa. Ɗauki littafin shari'o'in laifi na shekara biyu. Ga lambar ƙara, ga ranar da aka kawo takardar tuhuma ta 'yan sanda, wato FIR, ga sashen dokar da ake tuhuma, ga ko an ba da beli da sharuɗɗansa, ga kowace ranar da aka ɗage zama. A cikin fayil kuma ga dalili da rubutun hannu: ba a kawo wanda ake tuhuma ba saboda babu mota, mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki, shaida daga ƙauye bai zo ba saboda hanya ba lafiya, mai ƙara ya ce sun sasanta a gida. Ka buɗe Excel, kowace shari'a layi ɗaya, kowane bayani gurbinsa. Kafin ka kai shari'a ɗari uku za ka iya faɗin kwana nawa ake ɗauka kafin hukunci, wane dalili ne ya fi cinye lokaci, da mutum nawa ne suka zauna a tsare fiye da ɗaurin da za a yi musu in da an same su da laifi. In ka samu izinin yin haka a kotun majistare ta kusa, ka kwatanta biyun, ka yi aikin da za a daɗe ana komawa gare shi.

Wannan ba ƙaramin batu ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran halin Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a same su da laifi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta zo da gyare-gyare: ta hana kama wani a madadin wani, ta sa umarnin tsarewa ya zama na kwana 14 wanda sai an koma kotu kafin a sabunta, ta ce majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Jihohi sun yi nasu kwatankwacinta, ka nemi ta jiharku don lambobin sassan sukan bambanta. Dokar 2019 da ta canja sunan gidajen yari ta tanadi hukuncin da ba na kulle ba, irin su yi wa al'umma aiki da ɗaurin talala. Ko ana aiki da waɗannan a Ƙaura da Talata Mafara da Anka? Amsar tana cikin fayilolinku.

Ka kwatanta da abin da aka fi kawo mana. Ɗalibi ya zo da take kan musabbabin ta'addancin 'yan bindiga a jiha gaba ɗaya, ya raba takardun tambayoyi ɗari huɗu a cikin gari, yawanci ga ɗalibai da ma'aikatan sakatariya, ya dawo da zane mai launi: talauci kaza cikin ɗari, rashin aikin yi kaza. In ka tambaye shi wane ne a cikin masu amsar ya taɓa biyan kuɗin fansa ko harajin noma, sai ya yi shiru. Ra'ayin mutanen gari ya auna, ba musabbabin komai ba. Shi ya sa nake cewa darasin dabarun bincike da ƙididdiga, wanda ɗalibai suke gudu, shi ne rabin kuɗin da ka biya. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya kiyasta an biya naira tiriliyan 2.23 kuɗin fansa cikin shekara guda, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wanda ya koyi darasin ba zai tsaya kan gaskiya ne ko ƙarya ba. Zai tambayi gidaje nawa aka tambaya, a ina, yaya aka ruɓanya amsarsu ta zama ta ƙasa baki ɗaya, domin a irin wannan lissafi ɗan kuskure a ƙasa yakan zama dutse a sama.

Batun 'yan bindiga

Kada ka shiga da tunanin akwai maganin da aka ɓoye a aji. Fannin ya fi ƙarfi kan laifukan cikin gari, abin da ke faruwa a dazukanmu kuwa ya haɗa rikicin ƙasar noma da kiwo, haƙar zinare, safarar makamai ta kan iyaka da raunin hukuma, har kotun tarayya ta ayyana ƙungiyoyin a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambato a kansu ma na malamin tarihi ne, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na jami'ar Sakkwato. Abin da karatun zai ba ka shi ne iya auna ko wani mataki ya yi aiki. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ba da rahoton cewa daga 2011 an biya sama da naira biliyan 3 kuɗin fansa a Zamfara, yara fiye da 25,000 sun zama marayu. An gwada hana haƙar ma'adinai a 2019, an gwada sulhu zamanin Bello Matawalle, an rufe layukan waya a Satumbar 2021, gwamnatin Dauda Lawal kuma ta ce babu sulhu. Kowane mataki yana da masu yabo da masu zagi, gwargwadon jam'iyya. Ɗalibin da ya ɗauki bayanan hare-hare daga rumbuna irin su ACLED da Nigeria Watch, ya jera su wata-wata kafin kowane mataki da bayansa, yana sane da cewa lokacin da aka rufe waya rahotanni ma sun ragu, ya fi mai sharhi a rediyo amfani.

Gargaɗi ɗaya: babu takardar da ta kai ranka. Ba na barin ɗalibina ya shiga daji neman hira, kuma wanda zai yi hira da 'yan gudun hijira ko waɗanda aka sako dole ya ɓoye sunansu da na ƙauyensu, don kalma ɗaya tana iya sa a kira mutum infoma. Haka fayilolin kotu: sirri ne da aka ba ka amana, lamba za ka sa a madadin suna.

Ribar da za ka gani

Ƙarin girma a aikin gwamnati yana bin shekaru, jarrabawa da gurbi, takarda kaɗai ba ta ɗaga mutum, musamman in ya yi karatun ba da amincewar hukumarsa ba. Nan abokan aikinka suna da hujja. Ƙofofin da M.Sc ke buɗewa su ne koyarwa a manyan makarantu, sashen bincike da ƙididdiga na ma'aikatar shari'a, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CLEEN da PRAWA da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, waɗanda ke neman mai jin Hausa, ya san kotu, ya iya rubuta rahoto da alƙaluma. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran halinsu, in jihohinmu suka ɗauki damar za su bukaci masu wannan ilimi. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ka ba. Tallafin karatu na Chevening na Birtaniya yana son mai gogewar aiki irinka, amma 2.2 takan zama cikas wurin samun gurbi a can.

In ni ne kai, M.Sc zan nema, a Sakkwato ko Zariya, in har zan samu hutun ƙaro karatu da albashi, domin zirga-zirgar mako-mako a hanyoyin nan ba abin da zan ba mai iyali shawara ba ne. In hutun bai samu ba, M.Sc na NOUN ya fi dacewa da mai son ci gaba, MLCJ kuma ga wanda ya tabbata daga nan zai tsaya. Kafin ka sayi fom, ka rubuta wa Babban Magatakarda ta hannun alƙalinka kana neman izinin karatun da na amfani da bayanan kotu a bincike, ka ajiye amsar a rubuce. Ka kuma je tsohuwar jami'arka tun yanzu ka biya kuɗin tura cikakken sakamakonka, don yakan ɗauki watanni, kuma ba a kammala wa mutum rajista sai ya iso.